Yadda Ake Sake Ɗaukar Tsohon Hoto a Inda Aka Ɗauke Shi: Misali Daga Birnin Kano

Tsofaffin hotunan Kano ba sa wuyar gani yanzu. Kullum sai wani ya ɗora ɗaya a Facebook ko a zauren WhatsApp: ƙofa ta ƙasa, jakuna da mangala suna shigewa, a ƙasa an rubuta "Kano a da". Sai a yi ta "Allah sarki" da "Allah ya jiƙan magabata", a wuce. Da wuya ka ga wanda ya tambayi wace ƙofa ce, daga ciki aka ɗauke ta ko daga waje, kuma me ke zaune a wurin yau.

Aikin da zan koya maka shi ke amsa waɗannan tambayoyin. Za ka ɗauki tsohon hoto, ka nemo daidai inda mai hoton ya tsaya, ka tsaya a wurin, ka sake ɗauka, sannan ka jera biyun. Misalaina na Kano ne don a nan na fi yin sa, amma hanyar ɗaya ce ko hasumiyar Gobarau ta Katsina ka sa a gaba, ko masallacin Juma'a na Zariya, ko fadar Sarkin Damagaram. Danna kyamara ba ya cin minti ɗaya. Neman matsayar mai hoton shi ne aikin, kuma a cikin neman ne tarihin unguwa yake fitowa.

Kayan aiki

- Waya mai kyamara. Ta wadatar. Idan kana da babbar kyamara, madalla, amma kada rashinta ya zaunar da kai.
- Tsohon hoton a kan takarda, kwafi biyu, girman takardar A4. Kowane shagon kwamfuta zai fitar maka. Ɗaya na zane ne, ɗaya na nuna wa mutane. Kada ka dogara da fuskar waya, don a ranar Kano ba abin da za ka gani a kanta, kuma dattijo ba zai iya karanta hoto a waya yana ta mutuwa a hannunsa ba.
- Rula, fensir, da jan biro.
- Farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, irin ta bangon takardu, da alƙalamin maka mai siririn baki.
- Ƙafar kyamara mai ƙafa uku. In babu, sanda madaidaiciya da ka yi wa alamar tsayi ta isa: ka kafa ta, ka ɗora wayar a kai.
- Littafin rubutu, da alli na yin alama a ƙasa.
- Kamfas da taswira, duka suna cikin wayarka.
- Abokin tafiya. Shi zai riƙe takarda, ya duba maka 'yan sahu, ya amsa tambayar masu wucewa kana aiki.
- Ɗan abin goro.

1. Samo hoto, ka zaɓi wanda zai yiwu

Fara da gida. Akwatin kaka, bangon zaure, kundin hotunan tsofaffin ɗaliban makaranta, da tsofaffin situdiyo na Sabon Gari da Fagge, duk akwai abin da ba ya intanet. Hoton gida ya fi daɗin aiki, don galibi akwai mai rai da ya san ranar da aka ɗauke shi. Kada ka fita da na asali. Ka shimfiɗa shi a inuwa, ka ɗauke shi da waya daga sama a miƙe, gaba da baya, ka mayar wa mai shi. Bayan hoto kan ɗauki tambarin situdiyo ko kwanan wata, wani lokaci ya fi gaban amfani.

Bayan gida sai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. A intanet kuwa akwai hotunan Walter Mittelholzer, matuƙin jirgi ɗan Suwizalan da ya sauka Kano a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931, ya ɗauki birnin ta sama da ta ƙasa. Suna Wikimedia Commons. Akwai na E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria Magazine, a jami'ar Northwestern ta Amurka. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila ma ta ɗora hotunan zamanin mulkin mallaka a Flickr. Ka nemi mafi girman kwafi da ake da shi. Wanda ya zagaya WhatsApp sau goma ya riga ya dushe, ƙananan abubuwan da za su taimake ka sun narke.

Ba kowane hoto ne ke sake ɗaukuwa ba. Sharaɗin shi ne ya kasance akwai aƙalla abu biyu a cikinsa da har yanzu suna nan, ɗaya kusa, ɗaya nesa. A Kano Allah ya hutar da mu da Dala da Goron Dutse: duk hoton da ɗayansu ya leƙo a bayansa, an yi rabin aiki. Hasumiyoyin masallacin Juma'a, tashar jirgin ƙasa, ramukan marina, tsohuwar kuka, duk suna aiki. Hoton mutum a jikin katangar ƙasa, ba komai a bayansa, ajiye shi tukuna. Mai koyo ya fara da gini sananne, hoton shekarun 1950 ko 1960. Na 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ba na ranar farko ba ne.

2. Karanta hoton kafin ka fita

Zauna da shi, ka zuƙo kowane lungu nasa, ka rubuta duk abin da ka gani: zanko nawa ne a kan soron, ta ina indararo ya fito, bishiya wace iri, akwai turakun lantarki ko babu, rufin kwano nawa ne a cikin na ƙasa.

Rubutun da ke ƙasan hoto zato ne har sai ka tabbatar. Baƙon da ya ɗauka sau da yawa bai san sunan ƙofar ba, wanda ya ɗora a intanet kuma ya ƙara nasa. Ga abubuwan da nake gwada shekara da su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sabuwar Ƙofa a 1937 aka buɗe ta, don haka hoton da aka ce nata ne na 1910 ko dai ba ita ba ce, ko ba shekarar ba ce. Masallacin Juma'a mai ƙubba da hasumiya biyu a farkon shekarun 1950 aka gina shi, ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kafin nan na ƙasa ne. Motoci a Najeriya hannun hagu suke bi har zuwa Afrilun 1972. Farashi a allon kanti in da fam da sule ne, kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. Haka nan hoton marina ba lallai ta Ƙofar Mata ba ce. Karofi ya yi yawa a da, a unguwannin birni da Kura da sauran garuruwa, kuma ga baƙo duk "marinar Kano" ce.

Sai ka duba ko an juya hoton. Da dodon hoto ake wankewa a da, kuma in mai wanki ya kifa shi, dama ta koma hagu. Mutum zai wuni yana neman wurin da babu shi a duniya. Nemi rubutu, boko ko ajami, ka ga ko yana karantuwa. Dubi hannun da ake musabaha da shi, da gefen da aska da aljihu suke a babbar riga. In ka yi shakka, fitar da kwafi na uku a juye, ka tafi da duka.

Akwai kuma sabuwar matsala, hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira da waɗanda aka shafa wa launi. Saka hoton a Google Lens ko TinEye, masu nemo asalin hoto a intanet, ka ga inda ya fara fitowa. Wanda ba shi da asali a wata ma'ajiya ko a hannun wani iyali, ni ba na ɓata takalmi a kansa.

Daga ƙarshe, gano ina kyamarar ta fuskanta. In akwai masallaci, ɗan tudun mihrabi yana bangon gabas, ya ɗan karkata arewa. Inuwa ma tana faɗa, za mu zo kanta.

3. Zana layuka a kwafin aiki

Da rula, ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu. Inda suka haɗu nan ne tsakiyar hoton, nan kyamarar ta kalla, in dai ba a yanke hoton ba. Ja layi a tsaye da layi a kwance ta wannan tsakiyar.

Yanzu zagaye abubuwa huɗu ko biyar da kake jin suna nan, da jan biro, ka ba su lamba. Ka fi son masu kaifi: kusurwar gini, bakin taga, ƙolin hasumiya, wata tsaga a jikin dutse. Auna tazarar da ke tsakaninsu da rula ka rubuta a gefe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda na kusa ya gitta na nesa. Misali: kusurwar soron nan ta yanke Dala daidai inda gangarensa na hagu ya fara. Wannan jimla ɗaya ta fi awo goma.

Ɗora ledar a kan hoton ka bi manyan layukan da maka. Ita za ka riƙa ɗagawa a gaban idonka a wurin aiki.

4. Je unguwar, kyamara a aljihu

Zuwan farko na gaisuwa ne. Nemi mai unguwa. In aikin na ƙofa ne, tambayi Sarkin Ƙofa, don ƙofofin Kano suna da masu riƙe da su, kuma gidajensu na nan kusa. Yi sallama, ka tsuguna, ka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ka faɗi ko kai ɗan wane ne, daga wace unguwa, da abin da ya kawo ka. "Ranka ya daɗe, wani tsohon hoto na samu, ina jin na nan unguwar ne, na ce bari in kawo iyaye su duba mini." Wannan ya fi ka ce bincike kake yi. Kalmar bincike tana sa a zaci ma'aikacin filaye ne ya zo a kan rusau, daga nan kuwa ba mai sake buɗe baki.

Miƙa takardar, ka yi shiru. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su sa amsa a bakin dattijo. In ka ce "Baba, nan Ƙofar Mazugal ce ko?", kunya da kara za su sa ya ce ita ce. Ka ce, "Baba, ina ne nan?" Za ka ga ya nisanta takardar da idonsa, ya juya ta wajen haske, ya ɗora yatsa ba a kan ƙofar da kai ka damu da ita ba, a kan wata bishiya a gefe. "Wannan ai kukar bakin kududdufi ce. Nan muke wanka muna yara. To in ita ce, gidan nan na hagu na maƙera ne." Sai ya kira na kusa da shi a dakali, gardama ta tashi, ɗaya ya ce kukar tana nan har zamanin Audu Bako, ɗaya ya ce tun kafin nan iska ta kayar da ita. Kada ka raba gardamar. Rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Dattawa ba da lambar shekara suke lissafi ba, da zamani suke yi. Ka san ma'auninsu: Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, Sarki Sanusi, 1953 zuwa 1963, zuwan Sarauniyar Ingila, 1956, yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, Audu Bako, 1967 zuwa 1975, canjin hannu da canjin kuɗi. "Inna, lokacin an yi miki aure?" tambaya ce da ke fitar da shekara fiye da "a wace shekara?"

Na ambaci Inna da gangan. Tsofaffin mata sun fi maza sanin rijiyoyi, lunguna, da gidan da aka raba gado aka fitar da sabuwar ƙofa. In kai namiji ne, ba wa 'yar'uwarka ko matarka kwafi ta shiga da shi cikin gida.

Nemi izini a wannan zuwan, ka faɗi ranar da za ka dawo. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, gidan yari, filin jirgin sama, kada ka ɗaga waya a kusa da su ko da tsohon hoton can ya nuna. Ka tuna akwai gidan yari a Goron Dutse da Kurmawa. Fada da masallaci sai da izinin masu kula da su. Jirgi marar matuƙi kuwa sai da takardar hukuma.

5. Nemo matsayar

Ga ɗan ilimin da ake bukata, ba shi da yawa. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wani abu mai nisa. Rufe ido ɗaya, ka buɗe, ka rufe ɗayan. Yatsan ya yi tsalle, abin nesa bai motsa ba. Tazarar da ke tsakanin idanunka kaɗai ta kawo wannan. To haka kowane taku yake canza yadda na kusa ke zama a kan na nesa, kuma wuri ɗaya ne tak a duniya da za su zauna yadda suke a tsohon hoton. Gilashin kyamara ba ya canza wannan. Zuƙowa tana ƙara girma ne ko ta rage fili, ba ta matsar da soro daga jikin dutse. Saboda haka kada ka nemi gyara da zuƙowa. Da ƙafa ake gyarawa.

Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa.

Na farko, dama da hagu. Tsaya inda kake zato, ka dubi abin kusa da na nesa. In na kusa ya fi karkata dama a kan yadda yake a takarda, matsa dama. In ya fi karkata hagu, matsa hagu. Da farko zai yi maka kamar an juya maganar, amma gwada taku biyu ka gani. Idan sun zauna daidai, kana kan layin. Yi alama da alli.

Na biyu, gaba da baya, a kan wannan layin. A ce a takarda tsayin ƙofa santimita 8 ne, dutsen da ke bayanta santimita 4. Ƙofa ta ninka dutse sau biyu ke nan. Ɗauki hoton gwaji ka auna a fuskar waya. In ƙofar ta ninka dutsen sau uku, ka matso da yawa, ja da baya. In ba ta kai biyu ba, matsa gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka samu wani abin kusa da na nesa a ɗaya gefen hoton, ka nemo nasu layin. Inda layi biyu suka gamu, nan mai hoton ya tsaya.

Na uku, tsayi. Nan ne aka fi faɗuwa, don kowa yana ɗauka daga saitin idonsa. Hoton da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, na shekarun 1930 zuwa 1960, galibi da kyamarar da ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama aka ɗauke shi, irin su Rolleiflex. Sauke wayarka zuwa saitin cibiya. Na farkon ƙarni kuwa a kan ƙafa uku ake kafa su, wajen saitin ƙirji. In kana ganin saman rawunan mutane da rufin rumfuna, daga sama aka ɗauka: kan ganuwa, kan soro, bayan babbar mota. Yawancin hotunan da ke nuna rufin birni shimfiɗe daga kan Dala ne ko daga hasumiyar masallacin Juma'a, wadda baƙi kan hau a da. Ƙa'idar ita ce, in abin kusa ya rufe na nesa fiye da yadda yake a takarda, ɗaga kyamara; in ya bar shi a buɗe da yawa, sauke ta.

Ka sa a ranka cewa ƙasa ma ta tashi. Cikon titi, kwalta a kan kwalta, da ƙasar rusassun gidaje sun ɗaga lunguna da yawa, shi ya sa za ka ga tsohon zaure sai an gangara ake shigarsa. Don haka kada ka auna daga gindin gini. Auna daga saman ƙofa ko taga.

Hattara da ƙofofin gari. Sunan yana nan, amma ginin yau sau da yawa ba shi ne na hoton ba. An faɗaɗa yawancinsu da siminti don motoci, Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta wajen faɗaɗa titi aka sake ginawa. In ka saita da ginshiƙin sabuwar ƙofa, komai na bayanta zai goce. Saita da guntun ganuwar da ya rage, ko da dutse, ka bar ƙofar ta faɗi inda ta faɗi. Gocewar da za ka gani tsakanin tsohuwa da sabuwa ita kanta labari ce. Ginin ƙasa kuma, ko ba a rushe shi ba, yaɓe na shekara da shekaru yana canza masa kauri, zanko ya faɗi a sake wani. Bakin ƙofa da kusurwa sun fi zanko amana.

Idan matsayar ta faɗa tsakiyar titi, dawo da sassafe bayan asuba, abokinka yana duba maka hanya. Idan ta faɗa cikin shago ko gidan wani, nemi izini. In bai samu ba, tsaya a wuri mafi kusa a kan layin, ka rubuta cewa ka goce da taku kaza. Idan sai an hau bene, sanar da maƙwabta tukuna, don daga sama tsakar gidajen mutane kake gani. A bari mata su kimtsa, kuma kada kyamara ta kalli inda ba a aike ta ba. Idan sabon gini ya toshe gabanka ɗungurum, ɗauki bangon hakanan. Abin da ke wurin ke nan yau. Sai ka ƙara wani daga gefe, ka bayyana.

6. Daidaita lokaci

Inuwar tsohon hoto agogo ce. Doguwa zuwa yamma, safiya; doguwa zuwa gabas, yamma. In tsawon inuwar mutum ya yi daidai da tsayinsa, a yawancin watannin shekara wajen 9:30 na safe ne ko 3:30 na yamma, gab da la'asar. Rana tana take tsaka a Kano wajen 12:30, ba 12:00 ba. Har watan ma inuwa kan nuna: daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, gajeriya ƙwarai, sauran shekara arewa take faɗuwa, ta fi tsawo a Disamba. Kuka ba ganye, rani ne. Kududdufi cike, ciyawa a kan ganuwa, damina ce ko kaka.

Ba dole ne ka jira watan ba, amma sa'ar tana da muhimmanci, don zanen bango da inuwa yake fitowa. Abin da zai hana ka aiki shi ne hazo. A tsakiyar hunturu Dala kan ɓace daga 'yar tazara kaɗan, kuma in babu abin nesa babu saiti. Washegarin ruwan sama ya fi kowace rana.

7. Ɗauka

Goge gilashin. Kunna layukan saiti na kyamara, ka sa tsakiyarsu a kan abin da ke tsakiyar takardarka. Riƙe wayar a miƙe, kada ta kalli sama, in ba haka ba gine-gine za su kwanta baya. Kada ka taɓa amfani da saitin 0.5 na kyamarar waya, mai faɗaɗa gani, yana lanƙwasa gefuna. Kyamarar waya ta fi tsofaffin kyamarori faɗin gani, don haka 1x zai ɗauko fiye da abin da kake so, ka yanke daga baya. In wayarka tana da gilashin 2x na gaske, gwada shi ma. Bar fili a kowane gefe. Kashe duk wani abin ƙawata hoto.

Ɗauki da yawa: daga kan alamar, sannan rabin taku dama, hagu, sama, ƙasa. Kada ka kori mutane ko ka jira titi ya zama fayau. Ɗan sahu, mai shayi, allon masu sayar da kati, su ne jakuna da mangalar wanda zai duba hotonka nan gaba. In a tsohon hoton akwai mai jaki a bakin ƙofa, jira wani abin hawa ya iso daidai wurin. Wanda fuskarsa za ta fito sosai, tambaye shi. Ni ba na son a sa wa mutane tsofaffin kaya a jera su don su yi kama da na da. Wasan kwaikwayo ne wannan, wani aiki ne daban. Amma in jikan mai gidan da ke hoton yana nan, ya yarda ya tsaya inda kakansa ya tsaya, da kayan jikinsa na yau, wannan kam a ɗauka.

Kafin ka tashi, ɗauki hoton alamar allin da abin da ke kewaye da ita. Rubuta kwanan wata, sa'a, tsayin kyamara, inda ta fuskanta a kamfas, da lambobin wurin daga taswirar waya.

8. Ɗora sabo a kan tsoho

A kwamfuta manhajar gyaran hoto ta GIMP kyauta ce. A waya Snapseed tana da wurin haɗa hoto biyu. Sa tsohon a ƙasa, sabon a sama, ka rage kaurin na saman zuwa rabi har kana ganin duka biyun. Abu uku kawai aka yarda ka yi wa sabon: ƙara ko rage girma gaba ɗaya, juyawa kaɗan, da matsarwa. Saita lamba 1 da lamba 2, sannan ka dubi sauran. In sun hau, ka samu. In na nesa sun hau na kusa sun goce, matsayarka ce ba daidai ba, kuma gocewar za ta gaya maka ta wane gefe. Koma. Kada ka ja hoton ta gefe ɗaya don ya shiga dole, kuma kada ka taɓa tsohon: ba yanka, ba launi, ba gogewa.

9. In wurin ya shafe gaba ɗaya

Dalar gyada ita ce babban misali. Filayen da aka tara buhuna, irin na wajen Ƙofar Mazugal, yau gine-gine ne da wuraren sana'a, ba dala ko ɗaya. A irin wannan, bar abin da hoton yake nunawa, ka nemi abin da ya shigo bisa kuskure: layin dogo, rufin sito, tankin ruwa, ƙolin dutse a can ƙurya. Google Earth a kwamfuta yana da tsofaffin hotunan sama na shekarun baya-bayan nan, suna nuna kududdufi ko fili kafin a cike shi. Tsohuwar taswira ma tana taimako, don lungu ya fi gini tsawon rai: gidaje sukan canza, hanyar da ke tsakaninsu tana nan da lanƙwasarta. In duk ka yi abin bai tabbata ba, rubuta "kusa da wurin", kada ka rubuta "daidai wurin".

10. Koma da hotunan, ka rubuta, ka adana

Wanke biyun a takarda ɗaya, ka koma wa mutanen da suka taimake ka, ka bar musu kwafi. Zama na biyu ya fi na farko albarka, don yanzu tambayoyinka sun samu kai. Yaushe aka cike kududdufin nan, wa ya cike shi, kuma tun daga lokacin ina ruwan damina yake bi? Ganuwar da ke nan, ɗibar ƙasa ce ta cinye ta ko gini aka yi a kanta? Maƙeran gidan hagu ina suka koma? Wane ne ya fara rufin kwano a layin? Bambanci ɗaya tsakanin hoto biyu yakan buɗe zancen awa guda.

Wajen rubutawa, raba abu uku kada su cakuɗe: abin da hoto ya nuna, abin da takarda ta ce, da abin da aka gaya maka. "Hoton ya nuna kuka a hagu" daban, "wani dattijo a unguwar ya ce ta faɗi zamanin Audu Bako" daban. Sunan wanda ya ba ka labari sai da yardarsa za ka buga. A ƙarƙashin tsohon hoton sa sunan mai ɗauka, shekara, da ma'ajiyar da yake, in an sani. Na iyali kuma ka tambaya kafin ka ɗora a intanet, musamman in akwai mata a ciki. Wasu ma'ajiyoyin suna da sharaɗi a kan bugawa, karanta shi.

Ba kowane aiki jaka ɗaya a kwamfuta, da suna mai wuri da shekaru biyu, misali "Kofar Mata 1955 da 2025". A ciki sa tsohon hoton yadda ka same shi, sabon da ba a yanke ba, haɗaɗɗen, hoton alamar alli, da bayananka. Ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya ba a waya ba. In kana aika wa wani ta WhatsApp, aika shi a matsayin fayil, don in ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi, lambobin wuri da kwanan watan da ke cikinsa su goge.